Wa Ya Isa A Rusuna Masa?

 Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta Esta sura 3, aya 1 zuwa 6, sa'an nan ka karanta Littafin Firistoci sura 19. Za mu koma kansu.

Akwai wata kalma da kake ji kusan kowace Lahadi a majami'a. Mai sanarwa yakan tashi ya ce Rabaran wane ne zai yi mana wa'azi yau. Ka taɓa tambayar ma'anarta? Kalmar ba Hausa ba ce. Daga Ingilishi ta zo, inda ake rubuta ta reverend, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke da wata kalma, reverence. Idan ka ce a juya maka wannan ta biyun zuwa Hausa, wani zai ce girmamawa, wani ya ce ladabi, wani ya ce tsoro, wani kuma ya ce jin kwarjini. Duka sun yi gaskiya, gama kalmar tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Yau za mu bi waɗannan ma'anoni ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙarƙashinsu akwai tambayar da ba wanda zai kauce mata: wane irin girma ya kamata ka ba Allah, wane iri ya kamata ka ba mutum, kuma wane mutum?

Inda kalmar ta fito

Mutanen Ingila sun aro kalmar daga Faransanci kimanin shekara 700 da suka wuce. Faransawa kuwa sun gaje ta daga Latin, harshen Romawa. A can tushenta wata kalma ce, vereri, wadda ke nufin jin tsoron wani ko jin nauyinsa. Masanan harsuna sun ce jijiyarta ɗaya da kalmomin da Ingilishi ke amfani da su idan za a ce wa mutum ya yi hattara. Ka ga ke nan, tun daga tushe, mai girmamawa mutum ne mai lura. Ya san a gaban wa yake tsaye, saboda haka yana takawa a hankali, yana auna maganarsa kafin ta fita. Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta yi rassa. Bari mu duba guda huɗu.

Ma'ana ta fari: abin da ke cikin zuciya

Wannan ita ce uwar sauran. Ita ce abin da zuciya take ji a gaban wanda ya fi ta nesa ba kusa ba: tsoro da sha'awa da ƙauna a haɗe. Musa ya ji ta a Horeb sa'ad da aka umarce shi ya tuɓe takalmansa, har ya rufe fuskarsa. Ishaya ya ji ta a Haikali, ya ga kansa mutum ne mai ƙazamin baki. Bitrus ya ji ta a cikin jirginsa ranar da taru ya cika da kifi har yana neman yagewa. Ya faɗi a gaban Yesu, ya roƙe shi ya rabu da shi domin shi mai zunubi ne.

Wataƙila ka ce, ashe ba a rubuce yake a wasiƙar Yohanna ta fari cewa cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro ba? Yaya za a ce mu ji tsoron wanda muke ƙauna? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce tsoro iri biyu ne, kuma kana gane su ta inda suke kai ka. Adamu ya ji tsoro a gonar Aidan, ya gudu ya ɓuya. Bitrus ya ji tsoro a jirgi, amma da suka kai gaɓa ya bar kome ya bi Yesu. Na farin tsoron bawa ne wanda ke sauraron bulala. Na biyun tsoron ɗa ne wanda ba ya son ya ɓata wa mahaifinsa rai. Ƙauna tana korar na farin. Na biyun kuwa tare suke girma da ƙauna, gama iyakar sanin da ka yi wa Allah, iyakar nauyinsa da za ka ji.

Babban abokin gaban wannan girmamawa shi ne sabo. Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Kalmomi ma sukan goge kamar tsohon kwabo da ya sha hannu. Ingilishi yana da wata kalma kuma, awe, wadda da can take nufin razana a gaban abu mai girma. Ta haifi 'ya'ya biyu. Ɗaya, awful, a yau tana nufin abu marar kyau. Ɗayar, awesome, ita ce matasan Amurka ke faɗa idan abinci ya yi daɗi ko sabon takalmi ya yi kyau. Abin da ya sami waɗannan kalmomi yana iya samun addu'arka. Kana iya kiran sunan Allah sau ashirin a rana, zuciyarka ba ta motsa ko sau ɗaya ba.

Ma'ana ta biyu: abin da jiki yake yi

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi karatu da Faransanci za su gane wannan da wuri, gama a Faransanci kalmar tana nufin rusunawa, irin wadda ake yi wa sarki ko sarauniya. A tsohon Ingilishi ma haka take. Juyin Littafi Mai Tsarki na Sarki Jemis, wanda aka buga a 1611, ya yi amfani da ita a wurin da Mefiboshet ɗan Yonatan ya faɗi rubda ciki a gaban Dawuda. Ya kuma yi amfani da ita a Esta sura 3, a wurin da Mordekai ya ƙi rusuna wa Haman. Kalma ɗaya ce, aiki ɗaya ne. Ɗaya ya yi, ɗaya ya ƙi, kuma Littafi bai zargi ko ɗayansu ba.

Ka lura da wannan da kyau. Rusuna wa mutum ba zunubi ba ne. Ibrahim ya rusuna wa Hittiyawa sa'ad da yake neman wurin da zai binne Saratu. Yakubu ya sunkuya har ƙasa sau 7 a gaban wansa Isuwa. Saboda haka idan ka durƙusa ka gai da mahaifiyarka, ko ka tuɓe takalmi a ƙofar surukinka, ko ka faɗi gaisuwa a fadar sarki, ba ka saɓa wa bangaskiyarka ba. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne. Kada wani ya ruɗe ka cewa Kirista ya fi ƙarfin ladabi.

Amma dubi Haman. Sarki Ahasurus ya ɗaukaka shi bisa dukan hakimai, ya ba da umarni kowa a ƙofar fada ya rusuna masa. Kowa ya yi, sai mutum ɗaya, wanda ya faɗa musu shi Bayahude ne. Haman yana da dukiya, yana da 'ya'ya, yana cin abinci tare da sarki da sarauniya. Duk da haka da bakinsa ya faɗa wa matarsa da abokansa cewa waɗannan duka ba su da amfani a gare shi muddin yana ganin Mordekai zaune a ƙofar fada. Saboda gwiwar mutum ɗaya da ba ta taɓa ƙasa ba, ya yi alkawarin azurfa talanti 10,000 domin a hallaka al'umma ɗungum. Wanda ya mai da rusunawar mutane abincinsa ba ya ƙoshi. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ka san inda Haman ya ƙare.

A Ingila an yi wasu masu bi da ake kira Kweka, waɗanda su kansu suke kiran juna Abokai. Sun ga yadda ake cire wa masu kuɗi hula a bar talaka, sai suka ce ba za su cire wa kowa ba sai Allah. A 1670 aka gurfanar da biyu daga cikinsu, William Penn da William Mead, a gaban kotu a Landan saboda wa'azi a kan titi. Kotun ta ci su tarar mak 40 kowannensu a kan maganar hula kawai. Ba lalle ne ka bi su a kan hula ba. Amma tambayar da suka ta da tana nan da ranta: wannan gaisuwa da nake yi, mutumin nake girmamawa ko aljihunsa? Sau nawa muke rusunawa har ƙasa alhali ta ciki na ciki?

Akwai kuma iyaka. Mukan ce bin na gaba bin Allah ne, kuma da gaskiya a ciki. Amma manzanni sun faɗa wa majalisar Yahudawa cewa idan umarnin mutum ya yi karo da na Allah, Allah za su bi. Da Karniliyas, hafsan sojan Roma, ya faɗi a ƙafafun Bitrus a Kaisariya kamar mai yin sujada, Bitrus ya tashe shi nan da nan, ya tuna masa shi ma mutum ne. Da mutanen Listira suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, su biyun suka kyakketa tufafinsu suka hana. Ladabi na mutane ne, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Bawan Allah na gaskiya shi ne na fari da zai hana ka tsallake wannan iyaka.

Ma'ana ta uku: laƙabi

Yanzu mun dawo kan Rabaran. Tun ƙarni na 15 mutanen Ingila suka fara kiran malaman ikilisiya da wannan kalma, a ƙarni na 17 kuma ta zama laƙabin da ake sawa a gaban suna. Daga baya aka yi mata matakai. A ikilisiyar Angilika akwai ƙarin da ake yi wa bishop, akwai wanda ake yi wa babban bishop. Masu bishara suka zo da ita Afirka, bakin Bahaushe ya mai da ita Rabaran.

Ga wani abu da zai sa ka tunani. A dukan juyin Sarki Jemis, sau ɗaya tak kalmar reverend ta fito, a Zabura 111 aya 9, kuma sunan Allah take siffantawa. Kalmar Ibrananci da ke wurin daga tushen tsoro take. Saboda irin wannan ne waɗansu bayin Allah suka ƙi laƙabin. Charles Spurgeon, sanannen mai wa'azin Baftis na Landan, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1892, dubbai suke taruwa su saurare shi, amma ya ƙi a kira shi Rabaran, ya fi son a ce masa fasto.

To, mu daina kiran shugabanninmu da wannan suna ke nan? Ban ce ba. Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa su ga girman masu fama da aiki a cikinsu, ya kuma faɗa wa Timoti cewa dattawan da suke riƙon ikilisiya da kyau sun cancanci girma ninki biyu. Ikilisiyar da ke raina makiyayinta, tana barinsa da yunwa, tana cin namansa a bayan ido, ba ta yi abin kirki ba. Amma ka san ainihin abin da kalmar ke faɗa. A Latin ma'anarta ita ce wanda ya kamata a girmama. Wannan kaya ne aka ɗora wa mai sunan. Kowace rana aka kira shi, ana tuna masa ya yi zaman da ya dace da sunan. Yesu ya tsauta wa malaman Attaura da Farisiyawa a Matiyu sura 23 domin suna son wuraren zama masu daraja, da gaisuwa a kasuwa, da a kira su da manyan sunaye. Ya ce babba a cikin almajiransa shi ne zai zama baransu.

Saboda haka, ya kai mai riƙe da laƙabi, ko Rabaran ne, ko dattijo, ko shugabar zumuntar mata, ka gwada kanka da ma'aunin Haman. Idan wani ya kira sunanka bai sa laƙabin ba, me kake ji a ranka? Kai kuma ɗan ikilisiya, ka yi hankali da wani haɗari. Idan girman da kake ba shugaba ya kai inda ba za a iya tambayarsa lissafin baiko ba, ko a ga ya cuci marainiya a yi shiru don kada a taɓa shafaffen Allah, to girmamawa ta lalace ta koma tsoron mutum. Natan ya ga girman Dawuda, amma ya shiga fada ya faɗa masa laifinsa a fuskarsa. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Wanda yake girmama ka da gaske ba zai bar ka ka faɗa rami yana yi maka kirari ba.

Ma'ana ta huɗu: girmama rai

A ƙarni na 20 kalmar ta sami wani sabon amfani, kuma a nan Afirka abin ya faru. Albert Schweitzer, ɗan fasto ne da aka haifa a 1875 a yankin Alsas, wanda a lokacin yake hannun Jamus. Ya yi suna a ilimin tauhidi da kiɗan majami'a, sa'an nan ya koma ya karanta aikin likita. A 1913 ya buɗe asibiti a Lambarene, a ƙasar da yau ake kira Gabon. A watan Satumba na 1915, yana tafiya cikin jirgin ruwa a kogin Ogowe, suna ratsa garken dorina, sai wani tunani ya zo masa wanda ya zama ginshiƙin koyarwarsa: girmama rai. Kalmar da ya yi amfani da ita a Jamusanci, Ehrfurcht, haɗin kalma biyu ce, daraja da tsoro, kuma da reverence aka juya ta zuwa Ingilishi. Nufinsa shi ne kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, yana son ya rayu kamar yadda kake so, don haka kada ka hallaka rai a banza. An ba shi kyautar zaman lafiya ta Nobel ta shekarar 1952, ya rasu a Lambarene a 1965.

Akwai abin koyi a nan ga wanda ke dukan jakinsa har ya ji masa rauni, da wanda ke sare itace ba ya dasa wani. Amma akwai gargaɗi kuma. Masu sukar Schweitzer sun ce duk da shekarun da ya yi yana jinyar 'yan Afirka, yana ɗaukarsu kamar yara, bai kuwa horar da su su zama likitoci ba. Ashe mutum yana iya yi wa wani alheri mai yawa, bai ga girmansa ba. Ka iya ba almajiri abinci kullum, ba ka taɓa tambayar sunansa ba. Taimako abu ɗaya ne, ganin mutuncin wanda ake taimaka wa wani abu ne dabam, kuma Allah yana neman dukansu biyu.

Inda rassan suka haɗu

Yanzu ka koma Littafin Firistoci sura 19. A cikin wannan sura ɗaya, kalmar Ibrananci ta tsoro ta fito sau 4. A aya 3 an ce a ji tsoron uwa da uba. A aya 30 an ce a ji tsoron Wuri Mai Tsarki. A aya 32 an ce a miƙe tsaye wa mai furfura, aka haɗa wannan da tsoron Allah. A aya 14 kuwa an hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, nan ma dalilin da aka bayar shi ne tsoron Allah.

Ka tsaya a kan wannan aya ta 14. Kurma ba zai ji zagin da ka yi masa ba. Makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba. Ba za su rama ba, ba za su kai ƙara ba, idan ka kyautata musu ma ba lalle su san kai ne ba. Me zai hana ka wulakanta su? Abu ɗaya ne kawai: sanin cewa akwai Mai gani, Mai ji, wanda ya halicce su cikin kamanninsa. A nan ne ake gane girmamawar gaske. Kowa yana iya rusuna wa gwamna, gama gwamna yana da abin bayarwa, yana kuma da abin hanawa. Yakubu ya kawo misalin mutum biyu da suka shigo taron masu bi, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu kyau, ɗaya da tsummoki. Aka ba na farin kujera, aka ce wa na biyun ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Yakubu ya kira wannan zunubi. Ka dubi majami'arku ranar Lahadi mai zuwa, ka ga wa ake tarba tun daga bakin ƙofa, wa kuma ake bari ya nemi wuri da kansa.

Ga yadda abin ya jeru, ɗan'uwana. Tsoron Allah a zuciya shi ne tushe. Daga gare shi ne ladabi ga iyaye da dattawa da shugabanni yake fitowa, kuma shi ne yake sa masa iyaka. Daga gare shi ne kuma ganin mutuncin marar ƙarfi yake fitowa. Idan tushen ya mutu, gwiwa za ta ci gaba da durƙusawa, baki zai ci gaba da kiran laƙabi, amma za su koma bin duk inda kuɗi da iko suke. Yesu kansa, wanda kowace gwiwa za ta rusuna masa, shi ne ya ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, har da ƙafafun wanda zai bashe shi.

Tambayi kanka

Yaushe rabonka da ka yi shiru a gaban Allah, ba ka roƙon kome, kana tuna ko shi wane ne? Wa kake rusuna wa saboda abin da kake sa rai zai ba ka? Akwai gaskiyar da ka haɗiye saboda kwarjinin wani babba? Wane ne kurma ko makaho a rayuwarka, wato wanda kake iya wulakantawa ba abin da zai same ka? Wataƙila yarinyar da ke muku aikin gida ce, ko mai tura ruwa, ko tsohuwar da ke zama a kujerar baya. A wannan mako, ka gaishe shi da irin gaisuwar da kake yi wa manya.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai kaɗai ne ka isa a yi maka sujada. Ka sa tsoronka a zuciyata, tsoro irin na ɗa wanda ke kawo ni kusa da kai. Ka koya mini in girmama iyayena da shugabannina da zuciya ɗaya, in kuma faɗi gaskiya a gabansu cikin ladabi. Ka tsare ni daga yunwar girma. Ka buɗe idona in ga kamanninka a fuskar wanda duniya ta raina. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.